Suna ko Amana? Masu Tara Gudummawa ta Kafafen Watsa Labarai da Lambar Girmamawa ta Ƙasa: Duba Daga Ƙasar Maradun

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan ayyukan jinƙai a yankin Maradun, Bakura da Talata Mafara, Jihar Zamfara

Tsakure

Duk lokacin da fadar shugaban ƙasa ta fitar da jerin waɗanda za a ba lambar girmamawa, akan ji mutane suna ambaton sunayen da suke ganin an manta, kuma cikinsu ba a rasa masu tara wa mabuƙata gudummawa ta rediyo, talabijin ko Facebook. Wannan takarda ta tambaya ko shaharar irin waɗannan mutane ta isa ta kai su wannan jeri. An duba dokar lambobin girmamawa ta 1964, da matsayin mai riƙon dukiyar jama'a a Musulunci da al'adar Bahaushe, da misalai daga Zamfara, Kano, Legas da Ingila. Matsayar takardar ita ce shahara ba ta isa hujja ba, ba ta kuma zama dalilin hanawa ba. Abin da ya kamata a auna shi ne amanar da shekaru suka tabbatar, da shaidar waɗanda aka tara kuɗin da sunansu.

1.0 Gabatarwa



Ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, kwana biyu bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a nan Ƙaramar Hukumar Maradun. A tsakiyar watan Agustan da ya gabace shi an shiga Kwalejin Noma da Kiwo ta Bakura an ɗauki ɗalibai da ma'aikata. Tun ranar 26 ga Fabrairu kuwa an riga an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara. Cikin wata bakwai ƙananan hukumomin nan uku kowacce ta ga nata. Aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai, aka shafe makonni ba a kiran waya, ba a jin ƙarar alat.

Duk da haka ba a daina ciyar da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba. Matan gida sun ƙara mudu a tukunya. Limamai sun yi shelar gudummawa bayan sallar Juma'a an zagaya da kwano. 'Yan agaji sun ɗauki marasa lafiya, wasu masu motoci sun kai su asibiti ba su karɓi ko sisi ba. Babu hoton ko ɗaya daga cikinsu, domin a waɗannan makonni ba inda za a aika hoton ma. Na fara da wannan ne don mu san daga inda muke kallon tambayar. Mutumin Abuja in ya ji an ce mai taimakon jama'a, fuskar da ya saba gani a wayarsa ce za ta faɗo masa. Mu a nan mun taɓa zama ba waya, mun ga su wa suka rage.

2.0 Me lambar take nufi?

An yi dokar lambobin girmamawa ta Nijeriya a 1964, aka mayar da fara aikinta zuwa 1 ga Oktoba 1963, ranar da ƙasar ta zama jamhuriya. Rukuni biyu ne, kowanne da hawa huɗu, shi ya sa muke jin GCFR da GCON a can sama, sai CFR da CON, sai OFR da OON, sannan MFR da MON a ƙasa. Shugaban ƙasa ne ke bayarwa, kuma doka ta ba shi ikon karɓewa daga wanda ya zubar da mutuncinta. Ba albashi ke biye da lambar ba. Shaida ce kawai: ƙasa ta tsaya gaban jama'a ta ce wannan mutum abin koyi ne. Wanda ya taɓa zama gaban alƙali kuwa ya san ba a ba da shaida kan abin da aka tsinta a bakin kasuwa.

An daɗe ana ƙorafin cewa wannan shaida ta yi arha. Chinua Achebe ya ƙi karɓar CFR sau biyu, a 2004 da 2011. Gani Fawehinmi ya ƙi karɓar OFR a 2008. A ƙarshen Mayun 2023 sunan gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya fito cikin jerin bankwana na Shugaba Buhari, ranar 9 ga Yuni kuma aka dakatar da shi daga muƙaminsa, ko mako biyu ba a cika ba. Sarautar gargajiya ma ba ta tsira daga wannan gaggawa ba. A Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleiro Sarkin Fulani, abin da ya sa gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin. Ba na kawo waɗannan don haɗa su da masu taimakon marayu ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna cewa cutar da ke damun karramawa a ƙasar nan ita ce hanzari, wato a naɗa rawani kafin a gama sanin kan da za a naɗa wa.

Sai dai akwai wani gefe da bai kamata a ɓoye ba. A bikin 11 ga Oktoba 2022, inda aka karrama mutum fiye da 440, mafi yawansu ministoci ne da gwamnoni da sarakuna da hafsoshi da attajirai. Talakawan da suka samu shiga 'yan ƙalilan ne: Imam Abdullahi Abubakar na ƙasar Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci fiye da 260 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, wata mai shara a filin jirgin saman Legas da ta mayar da dala dubu 12 da ɗoriya, wani mai gadin banki da ya mayar da dala dubu 10. Ba wanda ya shiga cikinsu sai da jarida ta fara ɗaukar labarinsa. Shi liman ma Amurka ta riga Nijeriya karrama shi, tun a 2019. Ashe ga talaka, ƙofa ɗaya ce tak zuwa wannan jeri, ita ce bakin ɗan jarida. Duk wanda ya ce a toshe ta, ya sani ya bar jerin ga masu muƙami su kaɗai.

3.0 Mai tarawa da mai bayarwa

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ake yawan rikita abubuwa. Attajirin da ya gina asibiti da kuɗinsa mai kyauta ne. Wanda ya ɗora hoton majinyaci da lambar asusu, mutum dubu biyar suka turo naira ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, shi ɗan aike ne, mai riƙon amana. Dukiyar ta ɗan acaba ce da malamin firamare da ɗalibar da ta rage kuɗin katinta. In aka wayi gari shi kaɗai aka kira Abuja, za a sami mai cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ta cika ba, domin tarawar ma aiki ce. Yawo asibiti-asibiti, tantance mai gaskiya daga mayaudari, jure zagi da zargin cin kuɗi, duk wahala ce da mai turo naira dubu daga kan katifarsa bai ɗanɗana ba.

Musulunci bai raina wannan aiki ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa ma'aikatan tara zakka cikin gidaje takwas da ke da rabo a cikinta. Shelar neman gudummawa a bainar jama'a ma tana da asali. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi yadda wasu mutanen ƙabilar Mudar suka iso Madina cikin tsumma, Manzon Allah (SAW) ya tara jama'a ya kwaɗaitar da su sadaka, wani mutumin Madina ya fara kawo jakar da hannunsa ke neman gazawa da ita, sauran suka biyo har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Abin da masu gidauniya ke yi a Facebook ke nan in an cire wayar. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara kuma ta yaba bayyana sadaka, ko da yake ta fifita ɓoye ta. Saboda haka wanda ke cewa duk taimakon da aka yi a gaban kyamara riya ne ya yi azarɓaɓi. Niyya ba a hannunmu take ba, kuma kwamitin lambar girmamawa ba shi da ma'aunin auna zuciya.

Abin da yake da ma'auninsa shi ne lissafi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika tara zakka. Da ya dawo aka yi masa lissafi, sai ya ware wani kaso ya ce shi wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi faɗa a kai, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta same shi a can. Ni ba mufti ba ne, ga malamai nan a zaune za su gyara mini. Amma ina ganin darasin ya shafe mu kai tsaye. Mabiya dubu ɗari, tallar kamfanoni, kyautar mota daga ɗan siyasa, muƙamin gwamnati, har zuwa lambar MON, duk abubuwa ne da suka zo wa mai tarawa albarkacin ciwon wani. Ban ce haramun ne ya karɓa ba. Na ce a wancan labari lissafi aka fara yi kafin komai, mu kuwa mun saba fara tafi.

A al'adarmu ma haka abin yake. Lokacin da masani Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki a 1974, gaskiya da amana suna sahun gaba cikin halayen da ya lissafa, tare da karamci. Yaɗa sunan mai karamci kuwa ba yau aka fara ba, kuma mutanen Maradun sun fi kowa sani. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda ya yi tashe daga fadar Maradun har muryarsa ta kai fadar Sardauna, ya rasu tun 1991, amma har gobe akwai sunayen da ba don bakinsa ba da an manta da su. Masani M. G. Smith ya nuna tun 1957 cewa roƙo hanya ce ta tabbatar wa mutum matsayinsa a idon jama'a. Makaɗi shi ne jaridar wancan zamani. Bambancin shi ne kowa ya san makaɗi makaɗi ne, an san an yi masa alheri, mai sauraro yakan rage gishirin da kansa. Kuma wanda ake wasawa yana nan cikin gari, maƙwabtansa sun san ko tuwonsa na fitowa ƙofar gida ko ba ya fitowa. Yau mai bayarwa yana yawo da maroƙinsa cikin aljihu, shi ke kiɗa shi ke amshi, masu sauraro kuma suna Legas da Jidda da Landan, ba su da maƙwabcin da za su tambaya.

4.0 Abin da ya faru a Ingila

Ingila, wadda daga wajenta muka gaji wannan tsari na lambobi, ta sha wannan muhawara. A Afrilun 2020, cikin kullen korona, wani tsohon soja mai shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya ce zai zagaya lambun gidansa sau ɗari don tara fam dubu ɗaya ga asusun tallafa wa ma'aikatan lafiya. Talabijin ta ɗauka, kafin ƙarshen wata kuɗi suka haura fam miliyan 32. Ranar 17 ga Yuli Sarauniya Elizabeth ta ba shi muƙamin Sir a fadar Windsor, wata uku kacal da fara tattakin. Ya rasu a Fabrairun 2021. Waɗancan miliyoyi sun isa inda aka nufa, ba a tuhume shi a kansu ba. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya ta faɗa hannun hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji, wadda rahotonta na Nuwamban 2024 ya ce 'yarsa da mijinta sun amfana da sunan don kansu, har da kuɗin littattafai kusan fam miliyan ɗaya da rabi da ba su shiga gidauniyar ba. An haramta musu riƙon amanar irin waɗannan ƙungiyoyi na wasu shekaru.

Wanda ya fi muni shi ne Jimmy Savile, ɗan talabijin da ya tara wa asibitoci miliyoyin fam, aka ba shi Sir a 1990. Bayan mutuwarsa a 2011 aka gano ya yi shekaru yana lalata da yara da marasa lafiya, wasu a cikin asibitocin da yake tara wa kuɗin. Sunan mai taimako da lambar Sarauniya su suka zame masa garkuwa, waɗanda ya cuta suka ga ba mai yarda da su. Wannan ya faru a ƙasar da ke da hukumar bincike mai haƙora. Sai mu ƙiyasta namu.

5.0 Misalan gida

Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙasar Anka. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka da dama, aka bar Bagega, inda yara kimanin 1,500 ke jiran magani. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara ba su magani ba, domin in ba a kwashe ƙasar ba yaro zai koma gida ya sake shaƙar gubar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale wata da watanni. Wasu matasa ƙarƙashin shirin Follow The Money, cikinsu har da Hamzat Lawal, tare da ƙungiyar Human Rights Watch, suka tayar da gangami a Twitter da Facebook da sunan Bagega. A ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi, aka yi aikin kankara, aka fara jinyar yaran cikin wannan shekara.

Abin lura a nan, waɗannan matasa ba su ce kowa ya turo kuɗi asusunsu don Bagega ba. Sun yi amfani da hayaniyar kafafen sadarwa ne suka tilasta wa hukuma ta fito da abin da dama haƙƙin yaran ne, suka kuma bi sawun kuɗin. A ganina mai irin wannan aiki ya fi mai tara kuɗin talakawa ƙarfin hujja in ana maganar lambar ƙasa, domin ya mayar da nauyi kan mai shi. Duk da haka, in an kira shi Abuja, lebura nawa ne suka kankare ƙasar Bagega da shebur? Ma'aikatan jinya nawa ne suka yi shekaru suna ɗibar jinin yara suna ba su magani har MSF ta miƙa aikin a 2022? Sunan ko ɗaya bai fita daga ƙasar Anka ba.

A Nuwamban 2021 mawaƙi Davido ya ɗora lambar asusunsa kamar da wasa, cikin 'yan kwanaki aka tara masa kusan naira miliyan 200. Ya ƙara 50, ya kafa kwamiti, aka raba miliyan 250 ga gidajen marayu 292, aka buga sunayensu. Buga sunayen shi ne abin yabo a nan. Amma kowa ya san da shahararsa ya shigo aikin, kuma abin da ya tara cikin mako guda, mai gidan marayu a Gusau zai shekara ashirin bai ga rabinsa ba, ko da ya fi shi sadaukarwa sau goma. In yawan kuɗi ne ma'auni, mawaƙa da 'yan ƙwallo sun gama cinye jerin. A Kano kuma akwai marubuciya Fauziyya D. Sulaiman, wadda ta yi shekaru tana tara wa marasa lafiya kuɗin magani ta Facebook, har gwamnatin Kano ta ba ta muƙami kan harkokin mabuƙata a 2023. Ita aikin ne ya ƙara mata suna, kuma ta daɗe a kansa. Waɗannan nau'i biyu ne daban, bai kamata a zuba su kwando ɗaya ba.

6.0 Abin da kyamara ba ta ɗauka

Na taɓa zaman jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti. Gadon da ke damarmu yaro ne mai wani ƙari a fuska, abin tausayi ƙwarai. Wani saurayi ya zo ya ɗauke shi a waya, kafin kwana biyu an haɗa kuɗin aiki har da saura. Gadon hagu dattijo ne mai ciwon ƙoda, in ka gan shi a kwance sai ka ce barci yake. 'Ya'yansa suka sayar da awaki, suka jinginar da gona, daga baya suka ɗauke shi suka koma gida. Saurayin bai yi laifi ba, Allah ya saka masa. Amma tun ranar na gane cewa kyamara tana da irin ciwon da take so: wanda ake gani, wanda ke jikin yaro, wanda za a iya nuna hotonsa kafin aiki da bayan aiki. Tamowa da hawan jini da taɓin hankali da yunwar gidan da ke jin kunyar roƙo ba su cikin kayan da take saye.

Ga kuma maganar rufin asiri, wadda Bahaushe yake roƙon Allah a kanta safe da yamma. Gudummawar kafafen sadarwa farashinta tonon asiri ne. Matar da ba ta taɓa fita ba lulluɓi ba, sai ga ciwonta a wayar mutum dubu hamsin, kuma hoton ba ya goguwa bayan ta warke. Masu taimakon da suka ƙi yin haka, suka gwammace su bi attajirai ɗaya-ɗaya a asirce, su ne ba za a taɓa sanin su ba. Tsarin da ke karrama wanda aka gani kawai yana hukunta mai kunya ke nan.

Sai babbar maganar da ba ma son yi a fili. A ƙauyukanmu gudummawar da aka fi tarawa a shekarun nan ba ta asibiti ba ce, ta kuɗin fansa ce da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a bar shi ya yi noma ko girbi. Ana bi gida-gida, mai buhu ya ba da buhu, mai akuya ya ba da akuya. A Janairun 2024 wannan al'ada ta fito fili a intanet, lokacin da aka sace 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja aka kashe ɗaya. Jama'a suka shiga tara kuɗi, tsohon minista Isa Ali Pantami ya sanar cewa wani abokinsa zai ba da naira miliyan 50, Ministan Tsaro na lokacin Muhammad Badaru Abubakar kuma ya fito ya yi gargaɗi kan tara kuɗin fansa a bainar jama'a. Ba zan zargi uban da ya sayar da gonarsa don ya karɓo 'yarsa ba, kuma ba na jin akwai mai zarginsa a ɗakin nan. Amma shelar miliyoyi a fili tana gaya wa na cikin daji cewa farashi ya tashi, kuma mutumin Kaya ko Jangebe da ba shi da mabiya shi zai biya sabon farashin. Irin wannan tarawa, komai kyan niyyar mai yin ta, ba ta da gurbi a jerin karramawar ƙasa.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi ɗaci. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaro da jin daɗin jama'a a wuyan gwamnati. A Abuja aka yi yarjejeniyar 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Gwamnoni uku na Zamfara daga wannan yanki suka fito, Yariman Bakura da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun, amma har yau a Talata Mafara likitocin MSF ne ke riƙe da jinyar yara masu tamowa. In gwamnati ta rataya wa mai tara kuɗin tiyata lamba, tana yaba masa ne, ko tana gode masa da ya toshe ramin da ita ta bari? Lamba ta fi gina ɗakin tiyata arha nesa ba kusa ba.

7.0 Matsayar takarda

Amsata ita ce wasu sun cancanta, amma ba don an san su ba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ban nemi arba'in ba, amma shekara goma a kan aiki ba ta yi yawa ba ga wanda ƙasa za ta tsaya wa shaida. Wata ukun Kyaftin Moore ya yi kaɗan ko da mutum waliyyi ne. Cikin waɗannan shekaru a ga gidauniya mai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, a ga asusun da ba na aljihun mai ita ba, a ga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da aka yi da ragowar kuɗin majinyacin da ya rasu kafin a yi masa aiki. Wannan ragowa ita ce inda amana take karyewa ko ta tsaya, kuma ba a cika tambayarta ba. Sannan a je a tambayi waɗanda aka ɗauki hotonsu, ba a gaban mai gidauniyar ba, ko an nemi izininsu, ko abin da aka ce an ba su shi ya iso hannunsu. Wanda ya tsallake wannan, a ba shi lambarsa, yawan mabiyansa kada ya zame masa laifi.

Amma gyaran da ya fi muhimmanci gare mu shi ne a buɗe ƙofa ta biyu. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi tun zamanin ƙaddamar da shari'a, kuma tana hulɗa da hakimai da limamai har ƙauyuka. Su suka san matar da ta riƙe marayu bakwai ba nata ba, da ɗan agajin da ya shekara ashirin yana wankan gawar da ba ta da dangi. Ba abin da zai hana sunayen da jiha ke turawa Abuja su riƙa fitowa ta wannan hanya, ko da guda biyu ne a shekara, a kuma fara da karramawar masarauta da ta jiha kafin ta tarayya.

Wannan yanki ya san illar rashin rubutu. Har yau ana jayayya kan yawan manoman da aka kashe a rikicin madatsar ruwan Bakolori na 1980, hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Don haka ina roƙon iyayenmu Sarkin Kayan Maradun da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Mafara, Allah ya ƙara musu lafiya, su umarci hakimai da masu unguwanni su tattara sunayen waɗanda suka ciyar da 'yan gudun hijira suka kuma yi jinyar marasa lafiya a makonnin da aka katse waya a 2021. Malamai da ɗaliban Jami'ar Jihar Zamfara da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, duk a nan Talata Mafara, su ɗauki aikin rubutawa tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.